Zauren Tambaya: "Wai tausayina ake ji, shekara tara ina mataki ɗaya"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Wasiƙu sun taru amma biyu kawai zan iya ɗauka yau, ɗaya daga Kumasi ɗaya daga nan Akra, na haɗa su ne saboda masu su basu san juna ba amma maganarsu igiya ɗaya ce. Kamar kullum na cire suna da sunan wurin aiki.

TAMBAYA

Hajiya salamu alaikum, ina wuni, ya gida ya jikoki. Dan Allah ki rufa min asiri kar ki sa sunana. Ni 'yar Aboabo ce a Kumasi, shekarata 36, da aurena da yara uku. Nayi mastas a kimiyyar abinci kuma ina aiki a wata cibiyar bincike yau shekara tara cif. Mu huɗu aka ɗauka rana ɗaya ni kaɗai ce mace, biyu an ƙara musu girma tuni, na ukun yana waje yana digirin dakta, ni kuwa ina nan inda aka ajiye ni ranar farko.

Aikin sashenmu shine gwada masara da gyaɗa don gano gubar nan da fumfuna ke bari a cikin hatsi. Da can ina bin su ɗebo samfur, mu je Ejura mu je kasuwar Techiman har arewa muna kaiwa. Tun da na haifi na biyu aka daina sa sunana a tafiya, ba wanda ya gaya min, kawai na zo da safe na ga mota ta tashi. Da abin ya ishe ni na tambayi shugaban sashenmu sai yace madam ke fa mai goyo ce, kuma mun san ku Musulmi mazajenku basa son ku kwana a waje, tausayinki muke ji. Hajiya wallahi ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi maigidana, shi da yake kai ni da kansa da asuba lokacin da nake tafiyar. Yaron da ake cewa ina goyo yanzu yana firamare, ta ukun ma an yaye ta.

Amma in sun dawo da buhunan samfur ni ce mai niƙa, ni ce mai awo, ni ce mai zama gaban na'ura har magariba, in aka yi dumso wuta ta ɗauke ranar Asabar ni ake bugawa waya in hau trotro in je in duba firiza. Ni ke rubuta bayanin taro, ni ke kula da yaran da suka zo bautar ƙasa, in za a yi baƙi ni ke odar abinci. Watan jiya takarda ta fito a mujalla daga aikin da na kwashe wata goma sha huɗu ina yi, sunaye biyar a sama har da wanda ko sau ɗaya bai taɓa sa safar hannu a lab ɗin ba, nawa sunan yana can ƙasa wurin godiya, wai an gode min da taimako. Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi kenan. Na shiga banɗaki nayi kukana na wanke fuska na fito na cigaba da aiki.

A gida in nayi maganar sai surukata tace ke me kike nema kuma, ba albashi na shigowa ba, ki gode Allah. Ina godiya wallahi. Amma zuciyata ta gaji. In ajiye aikin ne in nemi koyarwa a sakandare, ko in kai ƙara, ko in haƙura? Ko dai ni ce ban yi ƙoƙari ba nake ɗora wa mutane laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya min a rai don haka da ita zan fara. A'a, ba ke bace. Wadda ta hau trotro ranar Asabar saboda firiza ba a ce mata bata yi ƙoƙari ba. Abin da ya faru shine an tura duk ƙarfinki wurin aikin da ba a ƙirgawa ranar ƙarin girma, aka janye ki daga wanda ake ƙirgawa, kuma da murmushi aka yi miki, shi yasa har kike zargin kanki.

Ni ma nayi zaman lab shekara ashirin da wani abu kafin inyi fansho, kuma akwai ranar da har yau tana idona. Na shigo ofis da safe na tarar da abokin aikina yana yanka hoton fasfo da almakashi a kan teburina, nace ina zuwa haka, yace horon wata uku a waje, ai na ɗauka kin sani. Horon akan na'urar da ni nake aiki da ita kullum ne, shi ko ta ƙi tashi ni yake kira. Na je wurin babbanmu, mutumin kirki ne har ga Allah, ranar sunan 'yata da ƙafarsa ya zo har cikin Zango da turmin atamfa, yace haba, mun duba mun ga yarinyarki ƙarama ce bamu so mu ɗora miki nauyi. Nace na gode na fito. Wannan na gode ɗin nake nadama har yau, don da nace masa ranka ya daɗe ai da an tambaye ni, da ƙila ba a sake ba. An sake har sau biyu.

Bari in faɗi yadda ake hawa a wannan aikin saboda masu karatu da ba a ciki suke ba. Ko a cibiyoyi goma sha uku na CSIR ne, wato hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Gana, ko a jami'a, ko a cibiyoyin binciken lafiya, hanyar kusan ɗaya ce, daɗewa kaɗai bata ɗaga mutum, takardu ne ke ɗagawa. Ka cika fom, ka haɗa binciken da ka buga a mujallu tun ƙarin girmanka na baya, a tura wa masana na waje waɗanda basu taɓa ganin fuskarka ba su auna, su kuwa ba abin da suke gani sai sunan da ke saman takarda, kuma na farko a jeri ya fi na huɗu nauyi nesa ba kusa ba. Akwai ɗan gurbin hidima ga ma'aikata amma makinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ba inda aka ce a rubuta firiza ko wake da shinkafan baƙi. Sunan da ke wurin godiya ko maki ɗaya baya kawowa. Sannan abin sarƙa ne, wanda ya je ƙauye shi ke zama da manoma da masu ba da kuɗin bincike, shi ke dawowa da tambayar da za a gina bincike na gaba a kanta, shi ake sa wa suna, mai suna shi ake kira taro a waje, a taron yake haɗuwa da farfesan da zai ɗauke shi digirin dakta, mai dakta shi ake ba shugabancin firojek, shugaban firojek shi ke zaɓen wanda zai shiga mota. Ranar da motar nan ta tashi babu ke, ba tafiya ɗaya kika rasa ba.

Toh maganar tausayi. Ni ban ce shugabanki mugu bane, ƙila har zuciyarsa yana ganin alheri yayi miki. Kuma gaskiya ne akwai matan da suke cikin lokacin da basa iya tafiya, jariri na nono, uwa na kwance, ba mai riƙe yara, wannan ba abin kunya bane kuma lokaci ne yana wucewa. Amma ita za ta faɗa da bakinta. Tausayin da aka yanke a bayan idonki, aka kuma bar shi yana aiki shekara da shekaru bayan an yaye yaron, kuɗinsa daga aljihunki yake fita, kuma abin lura ba a taɓa tausaya miki ranar Asabar ba. Abin da ya fi min ciwo a wasiƙarki shine "mun san ku Musulmi". Wato ke kaya biyu aka ɗora miki, na mace da na 'yar Zango, an kalli mayafinki an rubuta miki miji irin wanda ba shi kike aure ba. Mu da muka yi aiki da mayafi a irin wuraren nan mun san wannan kallon, kafin ki buɗe baki an gama yanke abin da gidanku zai yarda da shi.

Kuma doka tana bayanki, ki san da haka ko baki taɓa kai ƙara ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 a sashe na 27 ya ce a tabbatar wa mata daidai haƙƙi wajen samun horo da ƙarin girma ba tare da wani ya gindaya musu shinge ba, horo da ƙarin girma ɗin nan da sunansu aka ambace su. Dokar ƙwadago ta 2003 mai lamba 651 ta ba mace hutun haihuwa aƙalla sati 12 da albashinta, da awa ɗaya cikin lokacin aiki don shayarwa, ta kuma hana a kore ta saboda ta tafi hutun haihuwa. Ko inda ta hana a sa mai ciki aikin dare, ko a sa mai jaririn da bai kai wata takwas ba aikin bayan lokaci, cewa tayi sai da yardarta. Kinga dokar da kanta a hannun matar ta bar zaɓi. A 2024 kuma majalisa ta zartar da dokar daidaiton jinsi wadda ke son mata su kai kashi 30 cikin ɗari a wuraren yanke shawara zuwa 2026, daga baya su kai rabi. Takarda ce dai, sai an samu masu ɗaga ta a gaban mutane kafin tayi aiki, amma tana nan.

Na san abin da za a ce miki in kika ɗaga murya, za a ce haba ai an wuce wannan zamanin, ba ga Farfesa Rita Akosua Dickson ta riƙe jami'ar KNUST ta Kumasi ba, ba ga Farfesa Nana Aba Appiah Amfo a Jami'ar Gana da ke Legon ba, ba ga Farfesa Dorothy Yeboah-Manu a cibiyar binciken lafiya ta Noguchi ba. Gaskiya ne kuma ina alfahari da su ƙwarai. Amma a duba shekarun. An buɗe Noguchi a 1979, mace ta farko ta zama darakta a 2021, shekara 42 kenan. Legon an kafa ta a 1948, sai 2021. KNUST ta fara ɗaukar ɗalibai a 1952, sai 2020. A duniya gaba ɗaya ma ƙididdigar UNESCO ta nuna mata kusan kashi ɗaya cikin uku ne na masu bincike, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin taron manyan ma'aikata ya san ana hawa sama ana raguwa. Mace ɗaya a kujerar can sama bata canza wanda ake sa wa suna a takardar sashenku.

Kuma kar ki ɗauka abin na nan ne kawai ko na maza ne kawai. A 2012 wasu masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da lab, takarda ɗaya ce sak ba a canza ko waƙafi ba, sai dai wasu an sa musu suna John wasu Jennifer. Aka ce John ya fi ƙwarewa, aka yanka masa albashin kusan dala dubu 30 a shekara, Jennifer kusan dubu 26 da ɗari biyar, kuma malamai mata ma haka suka yi kamar mazan. Shi yasa bana ce wa kowa ta nemi shugaba mace shikenan matsala ta ƙare, abin a cikin kawunanmu yake gaba ɗaya tun muna yara.

Labarin da nake so ki riƙe shine na Farfesa Nancy Hopkins ta jami'ar MIT a Amurka. Ta nemi a ƙara mata ɗan fili a lab saboda kifayen da take bincike a kansu, aka yi ta mata yawo da hankali ana cewa ai kowa haka yake. Sai ta ɗauki awon tela ta bi ɗakunan gwajin ɗaya bayan ɗaya tana aunawa tana rubutawa, ta gano har mazan da suke ƙasa da ita sun fi ta fili. Ta kai wa sauran matan, suka haɗa kai, a 1999 makarantar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa lallai ana danne matan. Da kuka ta je da an ce mata ta cika ƙorafi. Da lamba ta je.

Don haka kafin maganar ƙara ko ajiye aiki, ki fara naki awon. Ki samu littafi ki zauna ki rubuta tafiya nawa aka yi tun ranar da aka cire ki, su wa suka je, takarda nawa ta fito daga samfurin da ya bi ta hannunki, a nawa sunanki yake sama. Littafinki na lab mai kwanan wata da rubutun hannunki ki ɗauki hotonsa shafi shafi ki ajiye. Ki je ofishin ma'aikata ki karɓi kundin sharuɗɗan aiki da ka'idar ƙarin girma ki karanta da kanki, kar ki dogara da an ce, mata da yawa da na sani sun cika sharaɗi tun tuni suna zaune suna jiran a ce musu su nema, mazan kuwa ko da saura takarda ɗaya suna miƙawa su ce a gwada.

Sannan ki rubuta wa shugaban sashenku imel, gajere, da ladabi, ba zargi a ciki. Ki gode masa da kulawarsa lokacin da kike goyo, ki ce yanzu kin shirya kuma kina roƙon a mayar da sunanki cikin masu tafiya daga zagaye na gaba. Rubutu nace ba magana a baranda ba, don maganar baranda iska ke kwashe ta. Daga ranar ba wanda zai sake cewa mun ɗauka ba za ki iya ba.

Maganar suna a takarda kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka zauna raba aiki, tun ba a niƙa ƙwayar masara ɗaya ba, ranar ake tambaya su wa za su fito a takardar kuma a wane jeri, a rubuta a bayanin taro, kuma tunda ke ce mai rubuta bayanin taron toh alƙalamin yana hannunki. Ba roƙo kike ba. Ka'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya shimfiɗa wadda mujallu da yawa suke bi ta ce wanda ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tattara bayanai ko tantance su a ba shi damar shiga cikin rubutun don ya cancanci suna. Wata goma sha huɗu gaban na'ura ba taimako bane. Ki ce ke za ki rubuta sashen yadda aka yi gwajin da sakamakon, ai ba wanda ya fi ki saninsu. Wadda ta riga ta fito ana iya gyara sunaye amma sai duk marubutan sun sa hannu, yaƙi ne babba kuma ni ba zan ce ki fara da shi ba. Abin da zan ce ki yi, ki je wurin babban marubucin ki nuna masa littafinki ki ce wannan ta wuce, amma cikin bayanan da suka rage akwai wata takardar, ina so in jagorance ta sunana a farko. Yawanci in mutum ya san yana da bashi a wuyansa wannan ƙofar yana buɗe ta.

Bayanin taro da odar abinci kar ki ce bazan yi ba, za a ce kin yi girman kai. Ki ce a riƙa zagayawa kowa da watansa, sabbin ma su koya.

Digirin dakta dole ne in kina son wucewa tsakiyar tsani, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma ba dole sai an ƙetare teku ba, KNUST tana bayan gidanku, a Legon akwai WACCI ta masu inganta iri da WACCBIP ta masu binciken cututtuka, duk suna yaye daktoci a nan gida. Tunda harkar abinci da noma kike ki nemi shirin AWARD na matan Afirka masu binciken noma, a Nairobi yake tun 2008, suna haɗa mace da babba a fanninta ya riƙa jan hannunta. Ki duba OWSD ma, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa. Wasu tallafin suna da iyakar shekaru, a 36 kar ki ce sai baɗi.

In kika yi duk wannan a rubuce aka cigaba da tsallake ki, toh lokacin ƙara yayi kuma ba laifi bane, ki fara da ƙungiyarku ta ma'aikata da kwamitin koke na cikin gida, in ya gagara akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Kar ki je ke kaɗai in da hali, ki leƙa sauran sassa ki ji matan can, zan yi mamaki in ke kaɗai ce. Koyarwa a sakandare aiki ne mai daraja, in ita zuciyarki ke so ki tafi da farin ciki. Amma ni abin da na karanta a wasiƙarki mace ce mai son lab ɗinta, ba wadda ta gaji da kimiyya ba. Ki ba kanki shekara ɗaya a kan wannan hanyar tukuna. Surukarki kuma ki lallaɓa ta, ba da mugunta take faɗa ba, ki ce mata Mma gubar nan da nake nema a cikin gyaɗa ita ke lalata hantar mutane, kuma a kasuwar da muke saye take. Maigidanki da ke kai ki da asuba ki gaya masa komai, ki gaishe min shi.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni ɗan Nima ne ina sayar da kayan mota a Abossey Okai. Matata tana aikin bincike kan sauro da maleriya, ta samu tallafin digirin dakta na shekara huɗu kuma a ciki za ta yi wata shida a waje. Yaranmu biyu, babban shekararsa bakwai. Ni karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya. A wurin ataya abokai suna ce min in ta zama dakta za ta raina ni, wani ma yace ba za ta dawo ba. Ita tace in ban yarda ba ta haƙura. Yau kwana biyar ban bata amsa ba kuma fom ɗin yana da ranar rufewa. Me kika gani?

AMSA

Ƙanena, na ji daɗi da ka rubuto, da yawa sai dai su ce a'a su juya baya. Ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka, tace in baka yarda ba ta haƙura. Matar da ta riga tayi mastas kai kana ƙaramar sakandare, ta zauna da kai har yara biyu, ta samu abin da ɗaruruwa ke nema ta kawo ta ajiye a gabanka tace kai za ka yanke, wannan ce za ta raina ka saboda an ƙara mata harafi biyu gaban suna? Raini hali ne, mai shi tun kafin takarda yake da shi kuma da ka gani tuni. Abokan ataya basu zauna da ita ba, kai ka zauna da ita.

Kuma ba baƙon abu bane a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata, duk tana ɗakin mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma ba a taɓa jin darajarsa ta ragu ba. Aikin matarka ma ba na ado bane, kai da kake Nima ba sai an gaya maka abin da sauron kwata ke yi wa yara da damina ba. Rigakafin maleriya da aka fara yi wa yaran Gana a 2019, a Kintampo da Agogo aka yi wani ɓangare na gwajinsa, irin su matarka ne suka zauna gaban madubin ƙara girma suna ƙirga ƙwayoyin cuta a ɗigon jini.

Akwai kuma abin da ƙila baka hango ba. In ta mayar da tallafin nan, a wurin aikinta ba za a ce wance ta ƙi ba, cewa za a yi kun gani, mun ba 'yar Zango mijinta ya hana. Sai a rubuta a zuciya, 'yar Zango ta gaba da za ta zo ko tambayarta ba za a yi ba. Ka koma sama ka karanta wasiƙar 'yar uwarmu ta Aboabo ka ji abin da shugabanta ya ce mata.

Abin da ya cancanci ya hana ka barci shine wata shidan nan, don da gaske nauyi ne kuma a kanka zai sauka. Wa zai shirya yara da safe kana sammakon shago, wa zai ɗauko su, wa zai kai su makarantar allo da yamma, in ɗaya yayi zazzaɓi cikin dare fa, tallafin yana biyan me da me, albashinta zai cigaba da shigowa ko a'a. Ku zauna ku biyu da biro da takarda bayan yara sun kwanta ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Ku kira mahaifiyarka ko tata ko wata inna ku roƙe ta da girmamawa, kuma ku yanka mata wani abu duk wata kar ku bar ta da Allah ya saka kawai. In maganar tafiyar mace ita kaɗai tana damunka ta fuskar addini ku je tare wurin malamin da kuka yarda da iliminsa ku faɗa masa yadda tafiyar take dalla dalla, inda za ta sauka da waɗanda za ta zauna da su. Ta kuma tambayi masu tallafin ko ana iya raba wata shidan gida biyu, wasu suna yarda.

Ka bata amsa kafin ranar rufe fom, kar ka yi shiru har ranar ta wuce sannan ka ce ai ni ban hana ba, wannan zai fi a'a zafi a zuciyarta. In kun daidaita, wadda za ta riƙe yaran ta tare a gidan tun da saura wata guda, su saba da hannunta da abincinta tun uwarsu tana nan.